Ranar da Kakata Ta Taɓa Muryar Yayarta

Duk abin da zan manta a rayuwata, ba zan manta ranar da na kai kakata situdiyo ba. A lokacin ina aikin ɗaukar sauti a wani ɗan wuri da ke unguwar Alsawra a birnin Umdurman, ɗaki biyu ne a bayan shagon tela. Mai wurin ya sayo mana sabon allon kwamfuta irin wanda ake taɓawa da yatsa, mu a nan shasha muke ce masa. Ka ɗora yatsa a kan layin murya ka ja sama ta ƙaru, ka ja ƙasa ta ragu. Sati biyu ina yi wa mutanen gida surutunsa har suka gaji da ni.

Kakata, wadda muke kira Habboba, a gonakin audugar Jazira ta yi ƙuruciyarta. Waƙoƙin da mata ke yi da Hausa in suna tsinkar auduga duk suna kanta, amma mu jikoki ba mu damu ba, Larabci ya riga ya cinye mana baki. Ita da kanta ta ce in kai ta ta ga abin da ya hana mutanen gida sakat.

Wata Asabar da hantsi na ɗauko ta a rakisha, wato keke mai ƙafa uku. Muna shiga ta gyara tob ɗinta, dogon mayafin da take yafawa, ta dubi allon sama da ƙasa.

"Maigida, wannan ne?" Haka take kirana don tsokana.

"Shi ne, Habboba. Shasha ke nan."

"Shasha ko shashasha?"

Sai da muka sha dariya sannan na lallaɓa ta ta zauna gaban makirufo. Ta ɗauko wata waƙa a hankali, muryar tana ɗan rawa. Amma duk baiti ɗaya sai ta yi shiru, sannan ta ci gaba. Na tsayar da ɗauka na tambaye ta ko ta manta ne.

"Ban manta ba, ya waladi, ɗana. Nan wurin amshi ne. Yaya ce ke amsa mini."

Yayar tata ta rasu tun ba a haife ni ba, can a ƙauyensu kusa da garin Madani. Na ce mata to ta yi amshin da kanta. Na sa mata abin sauraro a kunne, na sakar mata muryarta, ita kuma ta riƙa cike guraben da ƙasan murya, ido a rufe.

Da muka gama na zaunar da ita gaban allon. Layi biyu ne, kore a sama, rawaya a ƙasa. Na nuna mata cewa koren ita ce, rawayan amshi. Ta miƙa yatsa ta taɓa, allon bai motsa ba. Aiki ya busar da yatsun, sun yi kanta. Ta lashi yatsan kamar mai buɗe shafin littafi, ta sake taɓa rawayan, ta ja shi sama kamar yadda ta ga ina yi. Amshin ya cika ɗakin har ya danne baitin.

"Wallahi ita ce," in ji ta. "Haka take jan ƙarshen."

Ta shimfiɗa tafin hannunta gaba ɗaya a kan allon. Abubuwa suka yi ta buɗewa suna rufewa, aikina yana hargitsewa, amma na kasa ce mata ta ɗauke. Hawaye na bin kuncinta, tana murmushi. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ban kuma sake gani ba.

A hanyar gida ta ce mini akwai sauran waƙoƙi da yawa, na gona da na daka da na suna. Na ce ta bari sai sabon makirufo ya iso, don muryarta ta fito tas. Makirufo ya iso, lokacin bukukuwa ya kama, mawaƙan aure suka yi mana layi. Kullum ta tambaya sai in ce mata sati mai zuwa. Waccan waƙa ɗaya ma ban tura ta wayata ba, wai sai na gama gyara ta.

Sai yaƙi ya ɓarke. Muka bar Umdurman da kayan jikinmu, muka yada zango a Gadarif, can Allah ya karɓi ranta. Da na sami komawa, na tarar da situdiyon ko ƙofa babu, balle kwamfuta. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina ƙoƙarin rera waƙar. Karin yana kunnena, amma kalmomin baiti biyu kawai na iya haɗawa. Na tambayi innata da duk tsofaffin da na sani, ba wanda ya riƙe sauran.

Har yau in na ji tsohuwa tana waƙa a tsakar gida sai in tsaya in saurara. Abin da na koya shi ne, tsoho ba ya jiran kayan aiki su cika. In naka ya buɗe baki yau, ajiye abin da kake yi ka ɗauka, ko da tsohuwar waya ce a hannunka.