Ƙusa Huɗu a Ƙofar Kicin

Shekara talatin da ɗaya Tjitske Wiersma ta yi a ofishin lauyan cinikin gidaje a garin Sneek, ba a taɓa kama ta da kuskuren ko harafi ɗaya ba. Aikinta na ranar kammala ciniki ne. Ita ke haɗa takardu, ta zaunar da mai saye da mai sayarwa, ta zuba musu kofi, lauya ya karanta, a sa hannu, sannan ta tura makullai daga wannan gefen tebur zuwa wancan. Masu kuka a teburin nan ba su ƙirguwa. Takan ajiye musu hankicin takarda kusa da biro, don kada hawaye ya ɓata shafi.

Cikin ƙa'idojin aikin, ta ƙusa ta fi ƙauna. Duk abin da aka kafe a jikin gida na gida ne, mai saye yake bi, sai in an rubuta shi tun farko a jerin kayan da za a cire. Da wannan magana ta sha raba faɗa a kan fitila, da madubi, har da ɗakin tsuntsu.

Da mahaifinsu ya rasu, ita da ƙanwarta Baukje suka sayar da gidansa ga wasu sababbin ma'aurata. Jerin kayan kuwa Tjitske ce ta cika shi, cikin minti goma. Ana gobe za a sa hannu, suna sharar gidan, sai ta iske Baukje durƙushe a ƙofar kicin da guduma.

A jikin ƙofar akwai wani siririn katako da mahaifiyarsu take auna tsayinsu duk shekara, ta ja layi da fensir, ta rubuta suna. Layukan sun tsaya Baukje na da shekara bakwai, shekarar da uwar ta rasu. Ba su da wani rubutun hannunta sai shi.

"Me kike yi?" in ji Tjitske.

"Rawa nake yi, ba ki gani?"

"Ajiye gudumar nan. Ba ya cikin jeri."

"Wa ya rubuta jerin, Yaya?"

Tjitske ta san amsar, shi ya sa ta ba da wata. "Ƙusa huɗu ne a jikinsa. Na gida ne."

"To gobe ki tambayi masu sayen mana! Magana ɗaya ce fa."

"A ofishina? Gaban maigidana lauya? In buɗe baki in ce na manta?"

Baukje ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa. "Sannu, uwar doka. Ai ke ma da ƙusa aka kafe ki a ofishin nan. Ranar da za a sayar da shi, da ke za a haɗa."

Washegari Tjitske ta zauna a gefen masu sayarwa, karon farko a rayuwarta. Da aka gama karatu, amaryar ta yi murmushi ta ce, "Ko akwai wani abin da kuke so daga gidan?"

Baukje ta juyo ta zuba wa yayarta ido. Lauya ma ya ɗago kai.

"Komai yana rubuce," in ji Tjitske.

Ta tura wa ƙanwarta hankici, Baukje ta turo mata abinta, ta sa hannu, ta fita ba ta taɓa kofinta ba.

Sai da aka yi mako uku Tjitske ta hau keke ta je gidan. Amaryar ta buɗe ƙofa, fenti har gwiwar hannu.

"Wai wannan katakon? Ayya, da kin faɗa ai! Tun makon farko muka rushe kicin ɗin, motar shara ta kwashe komai."

Tjitske ta yi godiya, kamar yadda aka saba.

Shekara shida ke nan. Duk sabuwar shekara Baukje kan aiko da katin gaisuwa irin wanda ake saye da rubutunsa, ba ta ƙara komai sai sa hannu. Tjitske takan duba, sa hannun yana daidai inda ya kamata.

Ranar da ta ajiye aiki aka ba ta allon yabo, an rubuta shekarunta da kalmar "ba kuskure". An haɗa mata har da ƙusar ratayewa. Allon yana nan jingine a ƙasa, bayan kujera.