Kwallin Inna a Ɗakin Hoto

Kunci zuwa Bichi

Ana sallame sallar asuba muka hau acaɓa, ni da Inna, daga ƙauyenmu zuwa tashar Kunci. Tun damina idonta na hagu ke turowa waje, likita ya ce sai an ɗauki hoton bayan idon a Kano kafin a san ko za a ceto ganinsa. Inna kuwa, ciwo ko ba ciwo, ba ta shiga birni ido fari fat. Ta rangaɗa kwallinta, ni ma ban ga laifin haka ba.

A shingen da ke gab da Bichi ɗan sanda ya leƙo cikin motar da muka shiga, ya dubi Inna, ya ɗauke kai da sauri ya ce mu wuce. Wallahi abin ya sosa min rai.

Kano

Da hantsi Adaidaita ta sauke mu a asibiti. Aka cire mata 'yan kunne da warwaro, aka lulluɓe ta da farin ƙyalle, aka tura ta ta kai cikin ramin na'urar ɗaukar hoton. Na kau da ido, don abin ya yi kama da abin da ba na son ambata. Ɗakin sanyi ƙalau, na'urar na ta bugawa kamar ana daka a cikin rijiya.

Can mai hoton ya kira ni gaban allo. Ga kan Inna, ga hanci, amma inda idanu suke sai baƙaƙen ramuka biyu. Ya juyo ya tambaye ni:

"Malam, ta sa kwalli ne?"

Na ce e. Ya ce kwallin akwai ƙarfe a ciki, shi ya cinye hoton. Inna ta wanke tana mita, wai an mai da ita kamar mai takaba.

Aka sake turawa, aka yi mata allura. Mai hoton ya yi min bayani cewa bayan ido kitse ne, a hoto fari yake fitowa ya rufe komai, don haka sai a sa na'urar ta kashe haskensa. Ina kallo farin ya dushe ya zama duhu. A tsakiyar duhun wani abu ya rage shi kaɗai yana haske, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya nannaɗe jijiyar idon. Tsoro ya kama ni sosai.

Likita ya ce muddin idon na ganin haske akwai fata, mu dawo a yi aiki.

Komawa

Da la'asar sakaliya muka sauka, rana tar a kan gonaki. Maƙwabta suka fito barka da zuwa, muka gode musu, muka gode Allah da ya dawo da mu lafiya. A bakin zaure ƙwaro ya faɗa wa Inna a idon dama, ta rufe shi da tafin hannu, ta tsaya cak.

"Sani, yaushe magariba ta yi ban ji kiran salla ba?"