Ranar da Aka Zo Ɗaukar A-kori-kurar Mijina

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai in shiga ɗaki in tsaya, in rasa abin da ya kawo ni. Amma ranar da aka zo ɗaukar motar mijina, wannan kam tana nan daram, kuma ina jin ita ce za ta fita daga kaina a ƙarshe.

Motar a-kori-kura ce, fara, ta tsufa har farin ya koma kalar kunun dauro. Da kuɗin citta mijina ya saye ta, tun ɗanmu na fari yana firamare. Ƙauyenmu yana bayan Madakiya, sai ka bar kwalta ka bi jar hanya, ka haye rafi marar gada, sannan ka hau tudu. A kan tudun nan gidanmu yake. Kik ɗin motar ya mutu tun da daɗewa, mijina bai taɓa gyara shi ba. Kullum a gindin mangwaro yake ajiye ta, hancinta yana kallon gangare, in za a fita sai a tura. Dokarsa ɗaya ce, kowa a garin ya san ta: wanda ya tura ya hau. Wanda ba ya iya turawa, tsohuwa ko mai ciki ko marar lafiya, shi ne mai zama gaba. Kuma ba a turawa sai mai gida ya fito ya ce, "A taimaka." Ba a taɓa kayan mutum sai ya kira.

Ta kai cittarmu kasuwar Kafanchan. Ta kai amare. Ta ɗauko gawa daga asibiti da ganye a goshinta, tana tafiya a hankali, mu 'yan zumuntar mata muna baya muna waƙa. Shi kansa mai ita, a bayanta aka kawo shi gida. Autarmu ce ta tuƙo shi, malamar firamare ce, uban ya koya mata tuƙi tun tana budurwa mutane suna yi masa dariya.

Wata huɗu da binne shi, ɗana na fari ya zo Kirsimeti daga Legas. Yana da kirki, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya kawo mini atamfa da maganin gwiwa. Bayan an tashi daga sujada ya zauna kusa da ni, ya ciro waya ya ce, "Mama, ki ga wani abu."

Na duba. Mota ce a ƙasar Turawa tana tafiya a titi, ba kowa a kujerar direba, sitiyari yana juya kansa. Wata mace tana zaune a baya tana cin abinci, ko a jikinta. Na ce, "Yesu! Wa yake tuƙa ta?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba kowa, Mama. Ita take tuƙa kanta. Haka duniya za ta koma. Nan gaba ba wanda zai ajiye mota a gida. Ki danna waya, ta zo, ta kai ki, ta tafi wurin wani. Ba makanike, ba direba, ba roƙon kowa."

Na ce, "To, ta wace ce?"

Ya ce, "Ta kamfani."

Na ce, "Kamfanin ɗan gidan wa ne?"

Ya ce ban gane ba. Lalle ban yi makaranta ba, amma na gane inda maganar ta nufa, domin wanda ya nuna maka hoton sabuwar mota yana satar kallon gindin mangwaro, ba hira kawai ya zo yi ba. Kafin shayina ya huce ya faɗa. Ya ce motar Baba ta gama aiki, ƙarfe ne kawai yake tsatsa, ya sami mai saye, zai zo ran Asabar da safe. Ya ce duk ran da nake son zuwa Kafanchan in kira shi, zai sa a ɗauko mini shata.

Na ce ban yarda ba.

Sai ya kira ƙanin ubansa, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Aka zauna a tsakar gida, maza a kan benci, ni a kan kujerar girki. Ƙanin mijina ya gyara murya ya ce, "Matarmu, kin san al'ada. Kayan uba na ɗa namiji ne. Ɗaki naki ne, gonar bayan gida taki ce muddin ranki. Amma mota ba maganar mata ba ce."

Na ce, "Baban yara, ka ba ni dama in yi tambaya ɗaya."

Ya ce in yi.

Na ce, "Shekarar da mahara suka shigo mana da rana tsaka, muna ganin hayaƙi a ƙauyen da ke gabanmu, wace mota ce ta zo? Masu shata a tasha duk sun kashe waya, ban ga laifinsu ba, kowa ransa yake so. Yayanka ne ya yi sahu uku zuwa bakin kwalta. Sahu na uku kai kana baya, ka rungume uwarka, ni ce na riƙe maka ƙafarta. Wannan mota mai tuƙa kanta, in mai ita yana zaune a wani gari ya ji an ce hanyarmu ba lafiya, ya ce kada ta shiga, za ta shigo? Wa zan je in durƙusa wa?"

Ƙanin mijina ya sunkuyar da kai. Ɗana ya ce, "Mama, wannan ai ya wuce. Ba za mu zauna muna tsoron jiya ba." Can ƙanin mijina ya ce al'ada dai al'ada ce, ya miƙa hannu, na shiga ɗaki na ɗauko makulli na ba shi, ya ba ɗana.

Na ce, "Tun da mota ba maganar mata ba ce, daga yau bakina ba ya ciki."

Suka ji daɗi. Sun ɗauka na sauko.

Ran Asabar da hantsi mai saye ya iso a kan babur. Inyamuri ne mai shagon kayan mota a Kafanchan, a nan aka haife shi, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Hausarsa ta fi ta ɗana kyau. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi mini gaisuwar rashi. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da yatsa kamar mai zaɓen kabewa. Na gane ba tuƙa ta zai yi ba, farke ta zai yi ya sayar gunduwa-gunduwa. Ya ce shi dai a tayar masa da ita ya ji kukan inji, in ta kai Kafanchan da ƙafarta an gama ciniki.

Ni na ɗauko kujerata da tiren gyaɗa, na zauna a ƙofar gida ina ɓarewa. Mutane sun taru, domin labari ya zagaya. Maza a ƙarƙashin mangwaro, mata a bakin shinge da hannu a ƙugu.

Ɗana ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku zo mu tura."

Ba wanda ya motsa. Wani ya kama gyaran takalmi, wani ya kama duban sama. Na rantse ban bi gida-gida na hana kowa ba. Ido kawai suka zuba mini, suna jiran in ce a taimaka, ni kuwa gyaɗata nake ɓarewa.

Ya sake kira. Wata tsohuwa, shugabar zumuntarmu, ta ce daga bakin shinge, "Ɗana, ba kai ka ce akwai mai tuƙa kanta ba? Ka ce wa wannan ma ta tura kanta mana." Mata suka fashe da dariya. Na ga kunnen ɗana yana rawa kamar na ubansa in ya yi fushi.

Ya shiga ya zauna a kujerar direba. Mai saye da ƙanin mijina suka cire dutsen da ke tare taya, suka sa kafaɗa. Gangare ne, ba ta ba su wahala ba. Ta fara mirginawa, ta ƙara gudu, ya saki kuloci, ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ya sake saki, ta yi tsalle kamar akuya ta yi shiru. Haka ta tafi ba kuka ba hayaƙi har ƙasan gangare, ta sa ƙafafun gaba cikin yashin rafi, ta zauna.

Abin da ba su sani ba, mijina ya sa wa motar ɗan famfon mai a ƙarƙashin kujera saboda ɓarayi. In ya ajiye ta sai ya rufe. In ba a buɗe shi ba, ko daga nan ka tura ta har Fadan Kaje ba za ta tashi ba. Mutum uku suka san da shi, ɗaya yana kabari, sai ni da auta. Auta tana tsaye a bayana, na ji ta ja numfashi za ta yi magana, na taka mata ƙafa. An ce ba maganar mata ba ce. Kuma ba wanda ya tambaye mu.

Yanzu mota tana cikin rafi, gaba yashi, baya tudu. Su uku suka yi ta fama. Suka buɗe gaban mota, suka leƙa, suka rufe. Suka yanko ganye suka cusa ƙarƙashin taya. Ƙanin mijina ya zame ya zauna cikin ruwa da rigarsa ta coci. Ɗana ya ciro waya zai kira mai janwe daga Kafanchan, ba sabis a kwarin, sai da ya hau dutse yana ɗaga hannu sama. Da ya samu, mai janwen ya ce shi ba ya sa motarsa a wannan hanya ko nawa za a ba shi. Rana ta take. Mutanen gari suna nan a kan tudu, ba wanda ya tafi, ba wanda ya sauka.

Mai saye ne ya fara hawowa, yana haki. Ya tsaya a gabana ya share gumi ya ce, "Mama, ni ɗan kasuwa ne, amma ba na sayen rigima. Ƙarfe na zo saya, na tarar da mota mai dangi. Ki yafe mini." Na ba shi gyaɗa cikin hannu biyu, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Sai ɗana ya hawo. Wandonsa ya jiƙe har gwiwa, takalminsa a hannu. Ya daɗe a tsaye. Ni uwa ce, na ji tausayinsa, amma ban ɗaga kai ba. Can ya durƙusa ya ce a hankali, "Mama, ba za a bar motar Baba cikin ruwa ba. Ki sa baki."

Na ce, "Bakin mace?"

Ya ce, "Mama, don Allah."

Na ce a kira ƙanin ubansa. Ya zo yana ɗigar ruwa. Na ce, "Baban yara, al'ada ta ba shi, ban yi musu ba. Tashi ce, yana iya ba wanda ya ga dama. To, a gabanka, a gaban mutanen nan, ya sa makullin a hannun ƙanwarsa. In ba haka ba, ta zauna a rafin har damina ta zo ta tafi da ita."

Ƙanin mijina ya ce, "Matarmu, ke dai ba ki da dama." Amma bai hana ba. Ɗana ya dubi makullin, ya dubi kwarin, ya miƙa wa ƙanwarsa.

Sannan na kakkaɓe zanina, na tashi, na ce, "Jama'a, a taimaka."

Ban taɓa ganin mutane sun sauka gangaren nan da gudu irin na ranar ba. Maza, mata, har shugabar zumunta da sandarta. Aka ciccibo ta daga yashi, aka turo ta da baya har gindin mangwaro, mata suna waƙar coci maza suna amsawa. Auta ta shiga, ta sa hannu ƙarƙashin kujera, ɗana yana kallo, ya kama baki. Aka sake turawa. Ko rabin gangare ba ta kai ba ta yi kuka, ta watso baƙin hayaƙi, ta haye rafi, ta juyo ta dawo tana hon. Ɗana yana cikin waɗanda suka tura, sai da aka ja shi aka ɗora a baya yana dariya yana share ido.

Shekara huɗu ke nan. Motar tana nan, auta tana tuƙawa, jiya ma ta kai wata mai naƙuda asibiti. Ɗana yana turo mini hotunan motocin nan marasa direba ta wayar ƙanwarsa, ina kuwa kallo, ba na ƙi. Wataƙila gaskiyarsa ne, za su zo har nan, jikokina su hau. Su zo, ba na gaba da su. A fara yi mana gada tukuna.

Amma ga abin da na koya, ku ma ku riƙe. In aka ce muku ku saki abin da ke ƙofar gidanku, wai nan gaba komai kira kawai za ku yi a kawo muku, kada ku tsaya kallon kyan abin. Ku tambaya wa yake da ikon cewa ta zo, wa yake da ikon cewa kada ta zo, kuma ko ya san da ku a duniya. Ran daɗi kowa yana amsa kira. Ni ran wuya nake tunani, kuma muddin ina numfashi, ba zan bar mutanen garin nan su dogara ga wanda ba su san ƙofar gidansa ba.