Jinin da Dakta Ikilima Ta Bari a Kwalba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi, Dakta Ikilima Babayo ta cika a gidansu da ke Ƙofar Ran, bayan jinyar kwana huɗu. Ikilima, kafin La'asar mun kai ki makwancinki. Amma ni Nu'uman, da muka yi shekara shida a ɗakin bincike ɗaya, na san da sauranki a waje.

Aikinki renon fararen ƙwayoyin jini ne a kwalba, ki gano me ke sa su haƙura da baƙo, yadda jikin uwa ke riƙe ɗan tayi bai kore shi ba, da me ke kashe wannan haƙurin. Ɓarin da ƙanwarki Salma ta yi har sau biyar ne ya jefa ki ciki. Mutane kan guji ba da jini don tsoron tsafi, ba ki taɓa yi musu dariya ba. Sai ki naɗe hannun riga ki miƙo mini, ki ce, "Ɗiba, Malam Nu'uman, nawa ba ya gardama."

Na ƙarshe na ɗiba ana jibi za ki kwanta jinya. Yau kwananki shida a ƙasa, ƙwayoyin nan suna raye cikin na'urar ɗumi. Suna ci, suna rarrabuwa, ba su ji labari ba. Ni nake canza musu ruwa. Jiya na tsinci kaina ina yi musu sallama, har na tsaya jiran amsa. Tsoro nake ji, kuma na kasa zubar da su, don saura kwana uku gwajin da kika ɗora wa rai ya kammala.

Na je na faɗa wa mahaifinki, Malam Babayo. Sai ya tambaye ni:

"Suna jin zafi?"

"A'a, Baba."

"To, bar ta ta gama aikinta. Ran Juma'a ka kawo mini, kada ka zuba a kwata. Ni zan haƙa musu rami da hannuna."

Allah Ya jiƙanki, Ikilima, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Baba, Salma da dukan dangi, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma ku sa ni a addu'a, ni ne zan kashe na'urar ran Juma'a.