Randar Dusar Kaka

Jiya da safe na bi ta bayan Kantin Kwari, mai koko ta watsar da ruwan gasara a kwata, tsaminsa ya doki hancina. Nan take na tuno randar kakata.

A Fagge muka tashi, a gida mai ƙaramin tsakar gida, rabinsa kuwa na kajin Kaka ne, mahaifiyar babanmu. Ba ta taɓa sayen abincin kaji na buhu ba. Dusar masara take karɓowa daga inji, ta zuba a wata tsohuwar randa tare da tsakin dawa, ta sa ruwa har ya sha kansu, ta rufe da faifai. Kowace safiya sai ta juya da muciya. In ya fara kumfa yana ƙamshin kamu, to ya tsimu. Sai ta tsame, ta marmasa tunkuza a ciki, ta zuba dakakken kan kifi, da zogale, da ɓawon ƙwai da ta gasa a kasko. Ni ce mai daka. In ka taɓa daka kan busasshen kifi, ka san ƙarnin ba ya barin hannu sai ya kwana.

Kifin daga Sabon Gari yake zuwa, a hannun ƙawar Kaka da muke kira Malama. Kirista ce 'yar wajen Zariya, ta koyar a firamare har ta yi ritaya, ita ma tana da kajinta. A layin inji suka haɗu, suna musu kan wadda ta riga zuwa, kuma tun daga ranar ba su daina musu ba.

Ina aji huɗu ciwon yana ya fara rufe idon Kaka. Ta ɓoye mana, don hannunta ya san kowace kusurwa ta gidan. Da marka ta yi yawa a daminar nan, ruwan randar ya ja baya, fumfuna ta hau saman dusar. Kaka ba ta gani ba, ga mura ta toshe mata hanci. Ta haɗa yadda ta saba, ta zuba musu. Washegari kajin suka saki fukafukai, kafin sati ya zagayo fiye da rabin akurkin ya tafi.

Baba ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, kiwon nan ya isa haka. Ki huta. Zan kira mai kaji ya kwashe sauran."

Kaka ta tashi ta fito. Ta kife randar, ta shige ɗaki. Matar da ke riga kowa fitowa tsakar gida ta koma sai hantsi tana kwance, tuwo ma sai ta yi loma kaɗan ta ture kwanon.

A haka Malama ta zo da ƙunshin kan kifi, ta ga randa a kife. Ta jira Baba a soro har ya dawo daga kasuwa.

"Alhaji, in ka kwashe kajin nan, me za ta tashi ta yi da safe?"

"Malama, ba ta gani fa."

"Ni ina gani. Ka ba mu daminar nan kawai."

Ta sa na dafa ruwa, muka wanke randar da toka, muka shanya ta. Daga nan kullum sai ta tako daga Sabon Gari da lemarta. Ita ke leƙa randa ta duba, Kaka ke juyawa tana shinshinawa. Ran Lahadi sai an taso daga coci take zuwa, kajin su jira. Kafin lokacin girbi ya kama, wata kaza wake-wake da ta tsira ta yi kwanci, ta fito da 'yan tsaki.

Bayan sallah Baba ya kai Kaka asibiti aka yi mata aikin ido ɗaya. Ranar da ta fara fitowa wajen randar, sai ta ga Malama tana barbaɗa wani abu.

"Ke, me kike zuba mini?"

"Gishiri ne, ɗan kaɗan. Tun damina nake sawa, kajinki ba su kai ƙara ba."

"Kaza baƙuwa ce da za a yi mata miya?"

Musun nan ya kai su har azahar, amma gishirin ya zauna.

Dukansu sun rasu yanzu. Gidanmu na Fagge ya zama wurin ajiyar dilolin atamfa, an malale tsakar gidan da siminti. Baba ya bar kasuwa, yana zaune a Kwaciri, gwiwa ta hana shi yawo. Bara ya sa aka sayo masa kaji, ya kafa musu akurki a bayan gida. Yayyena suka yi ta faɗa, wai wahala ce, ya huta. Ni dai na aika masa da buhun dusa da sabon bokiti mai murfi. Da yamma ya kira ni a waya, ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ce, "Wai ruwan jiƙa dusar nan, har ina Inna take kai shi?"