Ragon Ruwan da Na Ƙwace wa Babana

A shekarar da sojoji suka yarda za su koma bariki aka kawo mahaifina Kano kwance a bayan mota. Hawan jini ne ya kayar da shi a bakin kogi can garinmu a ƙasar Haɗeja, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A lokacin ina aikin jinya a asibitin koyarwa, ina haya a Gyaɗi-Gyaɗi ni da maiɗakina. Da aka sallame shi na kawo shi gida, aka ce a riƙa kai shi asibiti gashin ƙashi sau biyu a sati.

Ƙafar ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda. Bakin ma ya warware, har ya fi da kaifi. Hannun ne ya ƙi. Ko an tsikari yatsunsa da allura sai ya ce ba ya jin komai, wai hannun wani ne aka jingina masa. Mutumin da ya shekara hamsin yana sana'ar su, ga shi yanzu ni ke ɗaura masa tazuge. Likita yake ce mini, kuma ya san sarai ba likita ba ne ni. In ya faɗi kalmar sai ka ji kamar ya ɗan ja maka kunne.

Bayan ƙaramar sallah ya fara ƙin abinci. Maiɗakina ta je kasuwar Tarauni ta sayo kifin ƙanƙara, ta yi masa farfesu don ta faranta masa. Ya sunsuna, ya ture kwanon.

"'Yata, Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Amma wannan kifin tun mulkin farar hula na farko ya mutu."

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce a mayar da shi gida, in mutuwar ce ta same shi inda yake jin ƙarnin ruwa. Ni kuwa na san in ya koma, gashi ya ƙare, magani ya ƙare, sai dai rubutu da jiƙe-jiƙe. Na ga irinsu da yawa a wurin aiki, an tafi da su gida, bayan wata biyu sai labari. Abin da nake tsoro ke nan.

Muna da maƙwabci direban tasi, mutumin ƙauye ne mai son hira. Shi ya ɓallo ruwa. Yana zaune wurin Baba wata la'asar ya ce ai a ƙasan gadar Tamburawa, in kogi ya janye da rani, akwai wani gurbi mai zurfi da ke yankewa shi kaɗai, kifin da ruwa ya tafi ya bari duk a nan yake taruwa. Na ga idon Baba ya buɗe. Ya ce a kai shi. Na ce ba inda za shi, ana wannan ɗari da ko mai lafiya sai ya yi shawara kafin ya taɓa ruwan alwala.

Maiɗakina ce ta karya ni. Ta ce, "Ka hana shi gishiri, ka hana shi goro, yanzu kuma ganin ruwa ma za ka hana shi?"

Na ce to da asuba za mu fita mu dawo da wuri. Baba ya dube ni kallon tausayi, ya ce boko ya cinye ni. Da sanyi kifi ba ya kiwo da sassafe, can ƙasa yake lafewa, sai hantsi ya dubi ludayi ruwa ya ɗan sake sannan yake motsi. Ya sa na tono tana a gindin ayabar da ruwan wanke-wanke ke bi, na roƙo hanjin kaza wurin mai yankan kaji a Unguwa Uku, na samo gora da zare da ƙugiya. Ni kuma na saka masa rigar sanyi biyu, da safa, da hula mai rufe kunne, na ɗora bargo. Ya ce saura a yi masa salla.

Muka bi titin Zariya a tasin maƙwabcina, ko'ina hotunan 'yan takara a manne, har jikin bishiyoyi. Muka gangara gefen gada, muka riƙo Baba har bakin gurbin muka zaunar da shi a tabarma. Iska na busowa ta kan ruwa tana shiga ƙashi. Ya nuna mini da haɓa inda zan jefa, kusa da wani kututture, inda ruwan ya fi duhu. Na jefa, na damƙa masa gorar a hannun hagu, muka zuba wa totuwar karan da ke yawo a kan ruwa ido.

Mun fi awa guda a haka. Can sai totuwar ta nutse gaba ɗaya, gora ta lanƙwashe. Baba ya ja, kifin ya ja, na ga gorar tana zamewa daga hannunsa, jikinsa ya karkata wajen ruwa. Ban yi tunani ba. Aikina ke nan kullum, mara lafiya ya yi tangaɗi ka tare shi, cokali ya suɓuce masa ka karɓa. Na fizge gorar, na ja da ƙarfi, sai ga ragon ruwa ya kai tsawon kamu biyu yana birgima a kan yashi. Direba ya yi kabbara. Ni har tsalle na yi, ina cewa Baba ga kifinka.

Baba ya gyara bargonsa a hankali.

"Barka, Likita," ya ce. "Ka kama kifi."

"Naka ne mana, Baba. Kai ya ci wa."

"Wa ya fitar da shi?"

Nan take na tuna. A garinmu kifi na wanda ya raba shi da ruwa ne. Kuma ba a taɓa fatsar mutum yana cikin kokawa sai in shi ya kira ka, ko da kuwa za ta tsinke. Wanda ake karɓar wa fatsa ba a tambaye shi ba, ko dai bai kai ba tukuna, ko kuma an sallama ya gama. A kan wannan doka aka taɓa marina ina ɗan shekara tara, amma na bar ta a wani wuri tsakanin makaranta da asibiti. Garin gyaran gira na tsone ido.

Da yamma aka dafa ragon ruwan, ƙamshi ya cika gida. Baba ko romon bai taɓa ba. Ya ce wa maiɗakina ta haɗa masa kayansa, ranar Juma'a zai tafi. Gaskiya da farko haushi na ji. Na ce a raina da na bari ya faɗa ruwan, wa za a zaga? Amma da na ga ƙullin kayansa a bakin ƙofa, haushin ya koma kunya. Na durƙusa na ce ya yafe mini, ya bari mu koma sau ɗaya kafin Juma'a. Ya ce zai je, da sharaɗin in bar asibitina a cikin mota.

Ranar Laraba muka koma, sanyin ya fi na farko. Wannan karon ya ce ba ya son gora, ba ya son totuwa. Ya ce a irin wannan ɗari kifi ba ya fizga, lasa kawai yake yi, sai yatsa ne ke ganewa, kuma hagunsa ba ta taɓa koyon aikin ba. Da haƙori da hannun hagu ya naɗa zaren a manuniyarsa ta dama, wadda ba ta jin allura, ya ɗora hannun a gwiwa. Na jefa masa, na koma gefe na zauna a kan tafukan hannuwana, don ban yarda da su ba. Direba ya shige mota ya rufe gilashi.

Rana ta yi sama, ta fara karkata. Hancina na zuba, ƙafafuna sun mutu. Na fara shirya yadda zan ce masa mu haƙura.

"Ya taɓa," in ji Baba.

Na dubi ruwa, ban ga komai ba. Ya kai hannun hagu ya fizgi zaren, ya fara jawowa kaɗan-kaɗan. In ya jawo sai ya danne da ƙafa, ya sake kai hannu gaba. Zaren ya kuɓuce masa sau biyu ya koma yana jan yatsan. A na ukun ya faɗi ta gefensa na dama a cikin laka. Na miƙe rabi. Ya juyo ya dube ni daga inda yake kwance, na koma na zauna. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan zaman ba, hawaye na zuba ina cewa iska ce.

A kwancen ya ƙarasa jawowa. Wata 'yar ƙarfasa ce, ba ta fi tafin hannu ba. Ya ja ta har kan busasshen yashi, ya ɗora mata gwiwar hannu, yana haki. Sai da numfashinsa ya dawo ya ce, "To, yanzu zo ka tashe ni."

Na tashe shi zaune. Zaren ya yanke shi a yatsa, jini na bin laka. Na ɗauko hankici zan ɗaure, ina taɓawa ya janye fuska ya ja tsaki.

"Kai Likita, yi a hankali mana. Zafi yake yi."

Na tsaya riƙe da yatsan. Shi ma ya tsaya yana kallonsa. 

Hannun bai dawo duka ba, ba zan yi ƙarya ba. Iyakar abin da ya samu daga baya shi ne riƙe cokali da jan carbi. Amma ran nan maiɗakina ta soya masa ƙarfasarsa, ya cinye ta tas, ya tsotse ƙaya, bai sam wa kowa ba. Da ya wanke hannu ya ce mata ta kwance ƙullin kayan nan ya tare hanya. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Gashin nan naku, gobe ƙarfe nawa ne?"