Gunnel da Gilashin da Ya Ƙi Sauka

Ƙarfe bakwai na safe Gunnel Hedlund take buɗe garejinta da ke bayan tsohuwar masana'antar katako. Ta ɗora gahawa a wuta, ta rataya allon da ta rubuta da hannunta: "Kada ka gaya mini abin da ya lalace." Shekara arba'in da ɗaya allon nan yana rataye, kuma har yau ban ga ɗayanmu da ya karanta ya yi aiki da shi ba. Ni ma mai wannan rubutu ina ciki.

A garinmu da ke lardin Dalarna namiji yana iya mance ranar haihuwar matarsa, amma ba ya mance ranar fito da motoci. Wata takwas tsofaffin motocinmu na Amirka suke kwance a sito, gudun dusar ƙanƙara da gishirin da ake zuba wa titi. Sai Asabar ta ƙarshen Yuli mu jero su, mu ratsa gari a hankali, kowane gilashi a sauke. To, gilashin mota mai shekara sittin da ke aiki da wuta ba ya sauka don an roƙe shi. Nan ne Gunnel take shigowa, gwanar da duk muke rainawa sai ranar da ta kwaɓe mana.

Aikinta ba shi da kwarjini, shi ya sa muke raina shi. Ta shiga mota, ta kunna fitilar rufi, ta danna maɓallin gilashi, ta zuba wa fitilar ido. Idan hasken ya dushe, wuta tana isa wurin ɗan injin da ke cikin ƙofa, wani abu ne ya cije. Idan bai motsa ba, wutar ce ba ta zagayawa, injin ba ruwansa. Daga nan ta manna kunne a jikin ƙofar. Ta koya mana wannan ya fi sau ɗari. Mu kuwa, manyan masana, mun fi son mu kwance ƙofa gaba ɗaya, mu baje notuna a kan ciyawa, sannan mu je mata da su a cikin robar ajiye kifi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani a siton Sixten Norell bana. Sixten tsohon direban motar katako ne, shekararsa saba'in da huɗu. Matarsa Birgit tana gidan kula da tsofaffi, tunaninta ya tafi, kuma likita bai ɓoye masa cewa da wuya ta ga baɗi ba. Tun aurensu ba a taɓa jerin motoci ba ta gefensa ba. Masu kula da ita suka yarda ya ɗauke ta, da sharaɗi ɗaya: Birgit tana firgita a rufaffen wuri, don haka idan gilashin gefenta ba ya sauka, ba za ta shiga ba. Ran Laraba ya danna maɓallin. Shiru.

Kuna tsammani ya kira Gunnel? Ina! Mu ya kira. Torvald mai sayar da fenti ya ce injin ne. Ni na ce maɓallin ne. Sixten ya ɗauko sabon injin da ya ajiye tun bara, muka cire murfin ƙofa, muna shan gahawa muna yaba wa junanmu basira. Ran Juma'a da hantsi, hannunsa na hagu yana cikin ƙofar, na dama yana kwance noti na biyu, sai ga Gunnel a kan kekenta. Matar Torvald ce ta tsegunta mata.

"Sixten, fito da hannunka."

"Saura noti ɗaya, Gunnel."

"Na ce fito da shi! A hankali, tsohon kawai."

Ya fito da shi yana gunaguni. Ta leƙa, ta zura ƙusa mai kauri ta tokare ƙarfen da ke ɗaga gilashin, sannan ta juyo kanmu.

"Akwai sifirin a naɗe a bayan injin nan. Injin ne kaɗai yake riƙe da shi. Ka cire noti na ukun, ƙarfen nan ya datse hannunka kamar almakashi. Ku uku, da furfurarku, ba wanda ya sani? Gobe da me za ka riƙe sitiyari, da haƙora?"

"Ai injin ne ya mutu," in ji Torvald, murya ƙasa-ƙasa.

"Kai ka je jana'izarsa?"

Ta mayar da notunan, ta shiga, ta kunna fitila, ta danna. Hasken ko ƙiftawa bai yi ba. Ta haska cikin ƙofar da tocila, ta daɗe tana kallo, sannan ta sauke numfashi irin na wadda ta gaji da mu tun kafin a haifi 'ya'yanmu.

"Wa ya shafe cikin ƙofar nan da fenti?"

"Ni ne," Sixten ya ce da alfahari. "Shafi uku, cikin sanyin da ya wuce. Tsatsa ba za ta gan ta ba."

"Tsatsa ba za ta gan ta ba, wuta ma haka."

Nan cutarmu take. Tsoron tsatsa ya sa muna shafa wa komai fenti, har inda ido ba ya gani. Sixten ya kwance wayar da wuta ke komawa ta cikinta zuwa jikin mota, ya shafe wurin tas, ya mayar da ita a kan fenti. Garin neman gira ya kusa rasa ido. Gunnel ta kankare wuri kamar faɗin farce, ta ɗaure wayar, ta danna. Gilashin ya sauka yana ƙugi, da tsohon injinsa da muka yanke wa hukunci.

Ke ce, Gunnel, mai kunnen da ke jin abin da ƙarfe yake faɗi. Ke ce muke tunawa bayan mun ɓata, mu manta da ke da zarar gilashi ya sauka. Ana raba kofi kowace shekara don fentin da ya fi sheƙi, ba a taɓa kiran sunanki a lasifika ba, kuma wannan yana ba ni haushi, har da haushin kaina. Ke ma ba ki taimaka ba: na ce zan rubuta a kanki, kika ce in rubuta cewa a daina shafa fenti a kan waya. To, ga shi na rubuta.

Ƙarshen Satumba za ta rufe garejin, gwiwoyinta sun ƙi durƙuso. Mu ɗari biyu ne a ƙungiyar masu motoci, ba ko ɗaya da ya zauna ya koya. Akwai sauran wata biyu. Duk wanda yake da kunya, ya san hanya.

Ran Asabar ina bayan motar Sixten a jeri. Sauran labarin shi ya ba ni. Aka zaunar da Birgit, aka rufe ƙofa, numfashinta ya fara sama-sama. Kafin ya miƙa hannu, yatsanta ya lalubo maɓallin da kansa. Gilashi ya sauka. Ta ɗora gwiwar hannu a kan ƙofa, tana ɗaga wa mutanen bakin titi hannu. Muna tafiya ne kamar masu rakiyar kunkuru, amma sai ta juya ta harare shi.

"Sixten, rage gudu mana, ba ka ga ana gaishe ni?"

Rabon da ta kira sunansa tun kafin Kirsimeti.

Mun gode, Gunnel. Shi ya kasa zuwa ya faɗa miki, shi ya sa na faɗa a madadinsa.